Daga Faifan Garmaho Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Saye da Ajiya da Sauraren Waƙa

1.0 Gabatarwa

Duk mai sha'awar waƙa yana da buƙatu uku game da ita: hanyar da zai same ta, da wurin da zai ajiye ta, da kuma abin da zai saurare ta da shi. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da aka fara ɗaukar murya a na'ura, har zuwa farkon wannan ƙarni, kowace ɗaya daga cikin buƙatun nan da muhallinta dabam. A kanti ko a kasuwa ake sayen waƙa, a kwali ko a adaka ake ajiye ta, sa'an nan a ɗora ta bisa garmaho ko a saka ta cikin rikoda a saurara. Amma cikin shekaru 15 kacal, watau daga 2007 zuwa 2022, sai wayar hannu irin wadda ake yi wa laƙabi da komai-da-ruwanka ta tattara ayyukan nan uku ta riƙe su ita kaɗai.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan sauyi ya auku. Za a nuna cewa hanyar da Turai da Amurka suka bi suka iso ga wayar ta sha bamban da wadda ƙasar Hausa ta bi, ko da yake a wuri ɗaya suka haɗu. Za a kuma nuna cewa sauƙin da aka samu bai zo a banza ba, domin mai sauraro wanda a da yake mallakar waƙarsa ya riƙe ta a hannu, yanzu ya koma tamkar ɗan haya. Wannan batu ya shafi masu nazarin waƙar baka kai tsaye, tun da yake mazubin da aka zuba waƙa a ciki shi ne yake tabbatar da ko 'yan baya za su tarar da ita ko kuwa za ta salwanta.

2.0 Zamanin Faifai

Kafin zuwan na'ura, waƙar baka ba ta da wata ma'ajiya sai kan mawaƙi da na 'yan amshinsa. Wanda yake so ya ji Narambaɗa, lalle ne ya nufi fadar Sarkin Gobir na Isa, ko ya tari wani taro da makaɗin zai halarta. Da an tashi kuwa, abin da kunne ya riƙe shi ke nan rabon mai sauraro.

A shekarar 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar da take ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Bayan shekara 10, a 1887, wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna Emile Berliner ya fito da dabarar zana sauti a jikin wani abu shimfiɗaɗɗe mai da'ira, wanda ake iya buga dubbai irinsa daga uwa guda. Da na'urar ta iso ƙasar Hausa sai aka kira ta garmaho, abin da ake ɗora mata kuwa aka ba shi sunan faifai, saboda kamarsa da faifan da mata suke rufe ƙwarya da shi. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a birnin Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, domin sayarwa a ƙasashensu.

Faifan farko yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe nasa ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Wannan ƙa'ida ta matse wa mawaƙan Hausa ƙwarai, domin waƙar fada ko ta noma ko ta maza takan yi tsawo gwargwadon halin taro da yawan waɗanda za a ambata. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda kowane gefensa yake ɗaukar fiye da minti 20. A irin wannan faifai ne kamfanin EMI ya buga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata a Nijeriya.

Abin lura game da faifai shi ne, yana zuwa da shaidarsa. A tsakiyarsa akwai takarda mai ɗauke da sunan mawaƙi, da sunan waƙa, da sunan kamfani, da lambar bugu. Yana da tsada, yana fashewa, allura kuma tana cinye shi a hankali, amma wanda ya saya ya zama nasa, har magada su gada.

3.0 Rediyo da Kaset

Garmaho kayan masu hali ne. Talaka ta rediyo ya fara jin waƙar da aka ɗauka. A 1944 aka buɗe tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Kano, inda ake kafa lasifika a gidaje da wuraren taruwar jama'a. A 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara aiki, a 1958 aka buɗe gidan rediyon Nijar, sa'an nan a 1962 aka kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka sun ba mai sauraro damar aika kati ya nemi waƙar da yake so, ya kuma gai da 'yan uwa da abokai. Sai dai waƙar tana ɗakin ajiyar gidan rediyo, kuma ma'aikaci ne yake yanke ranar da za a sa ta.

Kaset shi ne ya warware wannan ƙulli. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963, ya kuma bar sauran kamfanoni su ƙera irinsa, saboda haka ya yi arha ya bazu. Kaset mai minti 60 ko 90 yana ɗaukar doguwar waƙa ba tare da an datse ta ba, rikoda tana aiki da batir a ƙauyen da babu lantarki, kuma mafi muhimmanci, mai rikoda yana iya ɗauka da kansa. Daga shekarun 1970 mutane suka shiga ɗaukar waƙa daga rediyo, da wurin biki, da filin dambe. Yawancin abin da ake ji a yau na Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Barmani Coge da ire-irensu ta wannan hanya da ta ɗakunan rediyo ya tsira. Haka kuma karatun malamai, kamar tafsirin Shehu Abubakar Mahmud Gumi da ake watsawa a Rediyon Kaduna, ya shiga gidaje da motoci a kaset.

A nan ne aka sami wata sana'a wadda tarihinta yake da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, watau sana'ar mai kaset. Mai kaset yana da uwar kaset ta kowace waƙa. Mai saye yakan faɗi abin da yake so, a kwafa masa a sabon kaset, ya biya kuɗin kaset da ladan aiki. Mawaƙi ba ya samun ko anini a wannan ciniki, kuma galibin makaɗan gargajiya ba su ɗauki abin da zafi ba, domin abincinsu yana wajen ubangida da masu biki da masu kyauta, kaset kuwa ƙara musu suna yake yi. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama, daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya a 1999, waƙoƙin fim da ake haɗawa da fiyano suka cika kasuwar kaset, Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar dillalansu.

4.0 Hanyar Turai da Amurka

A ƙasashen da suke ƙera na'urorin, sauyin ya bi mataki-mataki. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, 'yar ƙaramar rikodar da ake ratayawa a ji waƙa ta abin sawa a kunne. A 1982 Sony da Philips suka fito da faifan CD, wanda yake ajiye sauti a matsayin lambobi. Da sauti ya koma lambobi, sai ya zama kwamfuta tana iya kwafarsa sau dubu ba tare da ya dushe ba, saɓanin kaset wanda kowane kwafi yake rage masa kyau.

Matsalar da ta rage ita ce nauyi. Waƙa mai minti huɗu a faifan CD tana cin wajen megabait 40. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka samo dabarar zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam ba ya tantancewa, nauyin ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma. A 1995 aka raɗa wa wannan tsari suna MP3. A 1999 manhajar Napster ta ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, kamfanonin waƙa suka kai ƙara, aka rufe ta a 2001.

A cikin wannan rikici ne kamfanin Apple ya fito da iPod a watan Oktoba na 2001, na'urar da take shiga aljihu tana ɗauke da waƙa 1,000. A watan Afrilu na 2003 ya buɗe kantin iTunes, inda ake sayen waƙa ɗaya a kan santi 99, aka kuwa sayar da waƙa miliyan ɗaya a makon farko. A wannan tsari kwamfuta ce uwa. A cikinta ake saye, a cikinta ake jera waƙoƙi bisa sunan mawaƙi da kundi, sa'an nan a jona iPod da igiya a zuba masa. Har zuwa 2009 yawancin waƙoƙin kantin suna da wani makulli da yake ƙayyade yawan kwamfutocin da za su iya buɗe su, alamar farko ke nan ta cewa saye a wannan zamani ba daidai yake da sayen faifai ba.

Mutum ya zama yana yawo da na'ura biyu, waya a aljihu ɗaya, iPod a ɗayan. Kamfanonin waya suka yi ƙoƙarin haɗa su: a 2005 Sony Ericsson ya fito da waya mai sunan Walkman, Motorola kuma ya fito da ROKR, wadda ba ta ɗaukar fiye da waƙa 100. Haɗuwar ba ta tabbata sosai ba sai da iPhone ta fito a 2007, wayoyin Android suka biyo baya a 2008. Daga ƙarshen 2007 mai iPhone yana iya sayen waƙa daga cikin wayarsa, daga 2011 kuma ba ya buƙatar kwamfuta sam.

Mataki na ƙarshe shi ne barin saye gaba ɗaya. A 2008 aka buɗe Spotify a ƙasar Suwidin, inda mutum yake biyan kuɗin wata, ko ya haƙura da tallace-tallace, ya saurari duk abin da yake so daga rumbun kamfani ba tare da ya mallaki ko ɗaya ba. Apple ya bi sahu da Apple Music a 2015. A 2017 wannan hanya ta zama babbar kafar kuɗin shiga ta masana'antar waƙa a duniya, a 2023 kuwa ta kai kimanin kashi biyu cikin uku. A watan Mayu na 2022 Apple ya ba da sanarwar daina ƙera iPod. Wayar da aka haɗa shi da ita ta haɗiye shi ke nan.

5.0 Hanyar Ƙasar Hausa

Wancan tsari an gina shi ne bisa abubuwa uku: kwamfuta a gida, da intanet mai ƙarfi, da katin banki na biyan kuɗi. A farkon wannan ƙarni ƙalilan ne suke da ko ɗaya daga cikinsu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na shekarar ne kamfanonin wayar salula suka fara aiki, kuma wayoyin farko kira da saƙo kawai suke yi. Saboda haka iPod da kantin iTunes ba su taɓa zama kayan jama'a a ƙasar Hausa ba. An tsallake wannan mataki ɗungum.

Abin da ya maye gurbin kaset da faifan CD shi ne ɗan ƙaramin katin ajiya mai girman farce, wanda ya fito a 2005, Hausawa suka kira shi memori. Da wayoyin Nokia masu kiɗa da wayoyin ƙasar Sin masu arha da babbar lasifika suka cika kasuwa, sai kowa ya sami inda zai saka shi. Tambayar da ta rage ita ce wa zai zuba waƙar. A nan ne mai kaset na da ya dawo cikin sabuwar riga. Samari suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwa da tashar mota da kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano, aka kira su masu turi ko masu tura waƙa. Mai saye yakan miƙa memorinsa ya ce a zuba masa Shata, ko waƙoƙin fim, ko begen Annabi, ko karatun wani malami, ya biya ladan aiki. Tsarin cinikin bai sauya daga na kaset ba ko kaɗan, sai dai abin da a da yake cika kwali yanzu ya shige ƙarƙashin batirin waya.

Daga nan waƙar takan ci gaba da tafiya ba tare da ɗan kasuwa ba, daga waya zuwa waya ta Bluetooth, daga baya kuma ta manhajar Xender da WhatsApp. Nisan da take yi ta wannan hanya abin mamaki ne. A 2008 wani mawaƙin Abzinawa ɗan Nijar, Mdou Moctar, ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a kai kundin kanti ba, amma waƙoƙinsa suka ratsa sahara a cikin memori. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta cikin wani kundin da ya fitar a 2011, daga nan sunan mawaƙin ya kai Turai da Amurka.

Wannan sauƙi ya karya kasuwar faifan CD da dillalanta. Mawaƙan zamani irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun yi tashe a daidai lokacin da sayar da kwafin waƙa yake daina kawo kuɗi. Sakamakon haka da yawa daga cikin mawaƙa suka koma ga tsohon tsarin makaɗan gargajiya, watau waƙar amarya da ango, da waƙar sarakuna da attajirai, da waƙar 'yan siyasa, wadda ta yi ƙarfi ainun a zaɓen 2015. Wanda aka yi wa waƙa shi yake biya, jama'a kuwa su ji kyauta.

Da wayar komai-da-ruwanka ta yi arha, musamman ta hannun kamfanin Transsion na ƙasar Sin mai ƙera Tecno da Infinix da itel, sai hanyoyin nan biyu suka haɗu. A 2015 aka ƙaddamar da manhajar Boomplay a Nijeriya, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno tun daga masana'anta. Audiomack da YouTube suka samu karɓuwa, Spotify kuma ya iso Nijeriya da Gana a watan Fabrairu na 2021. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta game gari a lokacin kullen annobar korona a 2020, ta nuna cewa waƙar Hausa tana iya cika ƙasa ta waya kaɗai. Duk da haka, tsadar data ta sa mai sauraro a nan ya fi son ya sauke waƙa sau ɗaya ya ajiye, a kan ya riƙa janyo ta daga intanet kullum. Har yanzu masu turi ba su tashi daga bakin kasuwa ba.

6.0 Fodkas

Waƙa ba ita kaɗai ta koma cikin waya ba, magana ma ta bi ta. Fodkas shiri ne na murya mai fitowa kashi-kashi, wanda ake ɗorawa a intanet, manhaja kuma ta kawo wa mai bibiyarsa kowane sabon kashi. Wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ne ya fara amfani da kalmar a jaridar Guardian ta Ingila a 2004, inda ya haɗa sunan iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A 2005 Apple ya shigar da fodkas cikin iTunes, amma sai an sauke shi a kwamfuta an zuba a iPod, wahalar da ta hana shi yaɗuwa. A 2014, shekarar da manhajar fodkas ta fara zuwa a cikin kowace iPhone, wani shiri na Amurka mai suna Serial, wanda ya bi diddigin wata shari'ar kisan kai, ya jawo miliyoyin masu sauraro. Tun daga nan fodkas ya zama abin waya.

Bahaushe ba baƙon sauraro ba ne. Al'ummar da ta saba tashi da shirin safe na BBC da ƙarfe 6:30, ta kuma saba sayen tafsirin azumi kaset 29 ko 30 a jere, ta riga ta san shiri mai zuwa kashi-kashi tun kafin a ba shi suna. Bambancin fodkas da rediyo shi ne lokaci ya koma hannun mai sauraro: ya tsayar, ya koma baya, ya ƙarasa gobe. Jaridar Aminiya ta fito da shirye-shirye irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba a wannan tsari, gidajen rediyon ƙasashen waje ma suna ɗora shirye-shiryensu na Hausa. Amma mafi yawan abin da ake saurare ba ya bi ta manhajar fodkas. Karatun malamai, da littattafan hikaya da ake karantawa da murya, da hirarraki, sun fi yawo ta YouTube da Telegram da WhatsApp. Saƙon murya, wanda WhatsApp ya fito da shi a 2013, ya ba wanda bai yi karatun boko ba damar aika magana da karɓarta, kamar yadda a da ake aika wa ɗan uwa na nesa wasiƙa a kaset.

7.0 Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Ribar wannan sauyi a fili take. Ɗalibi a Maraɗi ko Kumasi ko Khartum yana iya jin Narambaɗa da Sarkin Taushin Katsina da Ɗanmaraya Jos a cikin daƙiƙa kaɗan, abin da a shekarun 1970 sai mai bincike ya yi tattaki zuwa gidan rediyo ya nemi izini. Mawaƙin ƙauye yana iya ɗaukar kansa ya watsa ba tare da ya roƙi wani kamfani ba. Harshe ma ya ƙaru: tsofaffin kalmomi irin su tura da sauke da ɗora da goge sun sami sababbin ma'anoni, an kuma aro memori da data da caji, kamar yadda a da aka aro garmaho da rikoda.

Hasarar kuwa ba ta cika bayyana ba sai an natsu. Ta farko ita ce ɓacewar shaida. Waƙar da ta bi ta waya goma takan iso ba sunan mawaƙi, ba shekara, ba wurin ɗauka. WhatsApp yakan sauya sunanta da jerin lambobi masu nuna ranar da aka tura ta. Wani yakan datse farkonta, wani ya liƙa tallar shafinsa a kai, wani ya jingina ta ga mawaƙin da ba shi ya yi ta ba. Mai nazarin da zai kafa hujja da irin wannan kwafi yana cikin haɗari, domin makaɗin baka yakan rera waƙa ɗaya sau da yawa, kowane rerawa da ƙari da ragi, kuma sanin wanne ne ya riga wani shi ne ginshiƙin nazarin.

Ta biyu ita ce raunin ma'ajiyar. Memori yakan lalace ba sanarwa, waya takan faɗa ruwa ko a sace ta, abin da aka tara shekara biyar ya tafi a dare ɗaya. Rumbun kamfani ma ba abin dogaro ba ne. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi hasarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. A 2020 Google ya rufe Google Play Music, a 2024 kuma ya rufe manhajarsa ta fodkas. Mai biyan kuɗin wata, ranar da ya kasa biya ko kamfani ya janye wata waƙa, ba shi da ta cewa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ta uku ta shafi haƙƙin mawaƙi da magadansa. Waƙoƙin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya suna kawo kuɗin talla ga waɗanda suka ɗora su a intanet, alhali sau da yawa iyalansu ba su san ana yi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988 an tsara ta ne a zamanin kaset. Sabuwar da aka sa wa hannu a 2023 ta taɓo abin da ake ɗorawa a intanet, amma amfaninta ga magadan makaɗi ya dogara ga samun shaidar da take nuna waƙar ta wane ne, shaidar da ita ce waya take gogewa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda waƙa ta tashi daga bakin mawaƙi ta shiga faifai, daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa memori, daga memori zuwa rumbun da ba a ganinsa. An kuma ga cewa Turai da Amurka sun iso ga wayar ta hanyar kwamfuta da katin banki, ƙasar Hausa kuwa ta hanyar mai turi, wanda shi ne magajin mai kaset. A kowane mataki samun waƙa ya ƙara sauƙi, riƙe ta da sanin asalinta kuma suka ƙara wuya.

Aikin da wannan ya ɗora wa sassan koyar da Hausa da cibiyoyin bincike a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai a bayyane yake. Tef da kaset ɗin da suke ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da hannun tsofaffin masu kaset suna lalacewa da zafi da ƙura, injinan da za su karanta su kuma suna ƙarewa. Ya kamata a kwafe su tun da sauran lokaci, a rubuta wa kowace waƙa sunan mai ita da na 'yan amshinsa, da wanda aka yi wa, da wuri da shekarar ɗauka, a ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya. Haka nan waƙoƙi da shirye-shiryen da ake fitarwa yau ta waya kaɗai, waɗanda ba su taɓa shiga faifai ko kaset ba, suna buƙatar mai tattara su. Ya dace kuma a wajabta wa ɗalibin da ya kafa hujja da waƙar da ya samo a waya ya faɗi inda ya same ta da ranar da ya sauke ta, ya kuma miƙa kwafinta ga sashensa tare da kundin bincikensa.